Taku Tara da Suka Rage

Duk wanda ya ƙara ce mini wai yayata Camji mace ce mai haƙuri, sai na watsa masa shayin da ke hannuna a fuska. Haƙurin me? Na san abin da aka yi mata, na kuma san wanda ya fara, don da bakina aka fara. Sunana Diki. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da oba-oba a zangon ƙasa, inda masu hawan dutse ke kafa tantunansu, ina sauraron numfashin mutane a kan dutse, ni kuwa ƙirjina bai taɓa barina na wuce zango na ɗaya ba.

Camji ta girme ni da shekara shida, Aji nake ce mata kamar yadda kowace ƙanwa ke kiran yayarta. Tana 'yar shekara goma sha bakwai ta bar kiwon yak ɗin mahaifiyarmu, shanun nan namu masu dogon gashi, ta bi masu hawan dutse, tana wanke musu tukwane. Maza suka yi ta yi mata dariya har ranar da ƙafar ɗayansu ta karye a zango na biyu, ta ɗora kayansa a kan nata ta kai zango na uku. Daga ranar dariya ta ragu. Ta koyi kafa igiya a jikin ƙanƙara, ta koyi duban sama ta ce iska za ta juya kafin rana ta yi tsaka, kuma ta juya ɗin. Manyan duwatsu biyar ta hau, namu da na maƙwabta, ta baro yatsun ƙafa biyu a ɗaya daga cikinsu. Je ka duba jaridun lokacin. Za ka ga sunan memba, wato baƙon da ya biya aka kai shi, ga hotonsa yana washe baki, a ƙasa kuma an rubuta "tare da 'yan rakiya uku". Aji tana cikin ukun nan.

Duk wannan na haɗiye shi. Maganar Kaka ce ta tsaya mini a wuya.

Kaka ita ce dutsen da ke tsaye a kan ƙauyenmu, Naktang. Tana da wani suna a taswira, mu dai ba ma kiransa. Daga jikinta ruwan da muke sha yake fitowa, kuma ɗan Naktang ba ya ɗora ƙafa a tsakar kanta. Akwai wani baƙin falalen dutse da ya leƙo daga cikin ƙanƙara, taku tara kafin ƙololuwa. Nan mutanenmu ke tsayawa, su ɗaura farin ƙyalle, su watsa tsamfa, garin soyayyen sha'ir, su sakar wa memba igiya ya ƙarasa shi kaɗai. Shi baƙo ne, bai sani ba, Kaka ba ta riƙonsa. Amma ɗan gari da ya wuce falalen nan, babu wanda zai ƙara ɗaura igiya ɗaya da shi har ya koma ga ƙasa. In kuwa ba a ɗaura igiya da kai, aikin dutse ya ƙare maka ke nan, don ba a yin sa mutum ɗaya.

Sau bakwai Aji tana kaiwa falalen. Sau bakwai tana tsayawa ta ɗauki hoton wani ƙato da ta jawo kamar akuya, yana ɗaga tutar ƙasarsu. A can birni kuma, ofishin da ake rubuta waɗanda suka hau, littafinsu ya ce babu macen da ta taɓa hawan dutsen. Taku tara fa! Daga murhu zuwa bakin ƙofa.

A shekarar da nake ba ku labari, Gyalzen ya kawo mana Madam Klara. Gyalzen ɗan kawunmu ne, tare muka sha majina a Naktang, sai ya tafi Katmandu ya buɗe kamfanin kai baƙi dutse, ya ajiye tumbi da baƙin tabarau. A wurinsa ni da Aji muke aiki. Kwana uku da kafa tantuna, ina neman garin madara a cikin duromomin kaya, sai hannuna ya faɗa kan wani naɗaɗɗen ƙyalle. Na warware. Hoton Madam ne ɓaro-ɓaro, da manyan baƙaƙe a ƙasa: mace ta farko a kan dutsen. An buga an gama tun a birni, matar ko takalmin ƙusa ba ta sa ba tukuna.

Na ja shi a ƙasa har gaban Gyalzen, yana zaune yana shan hantsi.

"Wannan fa?"

"Ke Diki, wa ya aike ki wancan durom ɗin? Na madara shuɗi ne."

"Mace ta farko? Aji fa, gemu gare ta?"

Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga. "Ƙanwata, ni na hana ta? Ga dutse nan, ba ƙofa gare shi ba. Ita ke tsayawa don kanta. Masu littafi ba su san wani falale ba, ƙololuwa suka sani."

"Kai sau nawa ka tsaya a falalen, kafin tumbi ya hana ka ganin takalminka?"

"Sau huɗu," ya ce, ko a jikinsa. "Shi ya sa babu sunana, kuma kin ji ina kuka? Naɗe abin nan kada ya yi datti."

Na naɗe, amma sai da na taka shi.

Ba zan yi wa Madam ƙarya ba, ba muguwa ba ce. Tana gaishe da masu girki da sunansu, ta yi shekara biyu tana shiri a ƙasarsu. Amma dutse bai san shiri ba. Tun a zango na biyu ta fara amai, Aji ce ke ba ta ruwa da cokali. Da ƙafafunta suka daskare, Aji ce ta buɗe rigarta ta cusa su a cikinta har jini ya dawo. Duk ina ji ta oba-oba, ina tafasa.

Da suka sauko hutun ƙarshe kafin hawan ƙololuwa, na tare Aji a tantin girki, tana ɓare dafaffen dankali tana dangwala barkono.

"Aji, kin ga ƙyallen da aka bugo?"

"Na gani."

"Shi ke nan? Kin gani?"

"Hoton ya yi kyau. Sun rage mata hanci."

"Ba wasa nake yi ba! Ke za ki ɗauke ta kamar jaririya ki kai ta, sannan ki tsaya ki ɗauki hotonta tana cinye sunanki?"

"Sunana yana nan inda na bar shi. Ci dankali, yana hucewa."

"Taku tara, Aji."

Sai ta ɗago ta dube ni. "Na fi ki sanin ko nawa ne. Ni ke tsayawa ina kallonsu." Ta tura mini kwanon. "Kin san abin da ke bayansu. Kada ki ƙara yi mini maganar."

Na ɗauki dankali na ajiye maganar, amma ajiyewa ce, ba bari ba.

Ranar hawan, gari ya waye tas, ko gajimare ɗaya babu. Wajen ƙarfe goma tantin girki ya cika. Ga Au Furi, wato Kawu Furi, tsohon mai girkinmu wanda duk Naktang ke jin maganarsa, ga makiyaya biyar 'yan ƙauyenmu da suka kawo yak don kwasar kaya, kowa da kofin shayi mai man shanu, an kewaye oba-oba. Gyalzen yana can nasa tantin yana jiran a ce masa an kai, ya kira 'yan jarida.

Na'urar ta yi ƙara. "Zangon ƙasa, Camji ce. Mun iso falale."

"Madam fa?" na tambaya.

"Ta kife a ƙanƙara tana hutawa. Temba yana canza mata tukunyar iska. Ba ta minti goma."

Temba shi ne ɗan rakiya na biyu, mutumin wani kwari ne, ba ɗan garinmu ba. Minti goma. Na danna maɓallin da hannu biyu.

"Aji, taka."

"Diki."

"Na ce ki taka! Ga shi nan a gabanki, kina ganinsa!"

Au Furi ya ajiye ludayi. "Ke yarinya, rufa mana asiri. Ba ni abin nan."

Na juya masa baya na rungume na'urar. "Aji, saurare ni. Za a sa sunan matar nan a littafin makaranta. 'Yarki Yangzom za ta haddace shi, ta rubuta shi a jarrabawa, a ba ta maki. In malami ya ce ke kuma uwarki me take yi, sai ta ce tana ɗaukar hoto! Shekara ashirin da huɗu, Aji! Ina yatsunki? Wa kika ba? Ke yak ce, da za a ɗora miki kaya ki kai, a sauke, a kore ki gida?"

Na faɗi fiye da haka, wasu ba zan maimaita ba. Ina ihu ina kuka, makiyaya sun zuba mini ido, Au Furi yana jan hannun rigata yana cewa haba Diki, haba. Da numfashina ya ƙare na saki maɓallin, ba a jin komai sai shuuu.

Can sai muryarta ta fito, ta cire abin shaƙar iska daga baki, don ta fito sarai.

"Ɗaya."

Wani makiyayi ya ce, "Wayyo Kaka."

"Biyu." Numfashi. "Uku."

A can sama kowane taku sai an yi masa numfashi biyar ko shida, don haka ƙirgar ta daɗe. Babu wanda ya motsa a tantin. Na ji ƙarar ƙusoshin takalminta suna cizon ƙanƙara, na ji ta tsaya a na bakwai ta daɗe, har na ce ta fasa. Sai ta ce takwas. Sai ta ce tara.

"Na taka, Diki." Ta yi tari. "Babu komai a nan. Iska ce kawai."

Na yi tsalle na yi guɗa har kaina ya bugi sandar tanti. Da na waiwayo in rungume wani, sai na ga makiyayan sun ajiye kofunansu da sauran shayi a ciki, suna fita ɗaya bayan ɗaya. Au Furi ya koma bakin murhu ya ba ni baya. A lokacin ne abin ya faɗo mini.

"Hoto, Aji! Ɗauki hoto!"

"Da me?"

Kyamara ɗaya ce a tafiyar, kuma sanyin sama yana kashe batir cikin minti kaɗan, don haka a cikin rigar memba ake cusa ta, a jikin fatar ciki. Ni da hannuna na ɗinka wa Madam aljihun da aka sa ta. Shekara goma sha huɗu ina tuna wa mutane wannan, ranar da ya kamata in tuna wa kaina sai na manta. Tir da ni.

"To koma da Madam! Ku hau tare, Temba ya ɗauke ku!"

"Na riga na dawo falale," ta ce. "Sau ɗaya ya isa. Ba zan ƙara ba."

Ta tayar da Madam, ta sakar mata igiya, matar ta rarrafa taku taran nan, ta miƙe ta ɗaga tuta. Aji ta ɗauke ta hoto daga falalen, kamar yadda ta saba.

Bayan sati biyu ina ofishin masu littafi a birni. Wani siririn mutum mai biro uku a aljihu ya saurare ni har na gama, da ladabinsa.

"Akwai hoto?"

"Babu. Amma mutum bakwai mun ji ta tana ƙirgawa."

"Kun ji. Wa ya gani?"

Temba ya ce shi kansa na kan tukunyar iska, bai ga komai ba. 'Ya'yansa biyar, kuma Gyalzen ke ba shi aiki, me kuke so ya gani? Madam ta ce fuskarta na cikin ƙanƙara, ba ta san ma inda take ba, kuma na yarda da ita, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mai biro ya jawo hoton Madam ya nuna mini da yatsa.

"Dubi nan, daga ƙasa aka ɗauka. Mai kyamarar tana ƙasa da ƙololuwa. Baiwar Allah, ba na ce ƙarya kike yi ba, amma kowa na iya zama a kan dutse ya ƙirga tara."

Na ce masa abin da na ce masa, masu gadi suka raka ni waje.

Gyalzen ya yi liyafa a otal, aka rataya ƙyallen nan da sawun takalmina a gefensa. Madam ta kira Aji gaban mutane, ta rungume ta tana hawaye, ta ce ba don wannan 'yar'uwa tata ba da ba ta kai ba. Aka tafa. Aka ba Aji jaket mai sunan kamfani a baya. Na tare Gyalzen wajen teburin abinci na ce, kai ka san ta taka. Ya ce, "Ni ina tantina, ban ji komai ba. Kuma in kina ƙaunarta, ki daina yaɗawa." Na ɗauka tsoron asararsa yake yi. Ashe a ranar ya fi ni hankali, shegen.

Don kuwa a Naktang babu wanda ya nemi hoto. Kafin mu iso labari ya riga mu. Ba wanda ya zage ta, mutanenmu ba sa haka. Ana gaishe ta, ana amsa mata, amma matan da ke zuwa ɗaukar wuta a gidanta suka koma ɗauka a wani gidan. Duk faɗin duniya babu wanda ya yarda Camji ta taka kan Kaka sai mutanen da za su hukunta ta a kai.

Na bi makiyayan gida-gida. Na ce tunda kun ji da kunnenku, ku zo mu je birni ku faɗa, ni zan ɗauki nauyin tafiyar. Kowa sai ya dubi ƙasa. Na je wa Au Furi, yana zaune a ƙofar gida yana jan carbinsa.

"Au, kai ka ji ta. Kai in ka yi magana za a saurara."

"Na ji ta," ya ce. "Har yau ina jin ta. So kike in sa hulata in shiga jirgi, in je in yi shelar abin kunyarmu a gaban baƙi, a rubuta shi a littafi?"

"Abin kunya? Sau bakwai tana kai muku baƙi kuna cin abinci!"

"Sau bakwai tana tsayawa," ya ce. "Je ki gida, Diki."

Haka muka ci sanyin shekarar. Aji ba ta ce mini komai ba, ko sau ɗaya. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Sai dai in gan ta a tsakar gida tana shafa wa igiyoyinta hannu, tana duba inda suka goge, ta naɗe ta rataye.

Da bazara ta yi, aka taru a filin gidan ibada, ranar da ake turara igiyoyi da hayaƙin itacen shukpa kafin masu kafa hanya su tafi. Mutum takwas ne ke kafa igiyar da duk baƙin shekara za su bi, kuma shekara tara Aji ce a gabansu. Ta zo da kayanta a baya ta tsaya a gefe. Mazan suna ta kallon ƙasa. Sun san babu mai karanta ƙanƙarar Kaka kamarta, kuma matansu ma sun sani, don su ke zaman jiran dawowarsu.

Lama, malamin gidan ibadar, ya yi magana da Au Furi a hankali, sai Au Furi ya taso ya zo gabanta, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Camji, 'yata. Mutanen birni masu ilimi sun bincika, sun ce ba ki kai ba. Babu hoto, babu wanda ya gani. Mu murya kawai muka ji a cikin na'ura, kuma ƙanwarki ta matsa miki, duk mun shaida. Wataƙila kina zaune a falale kika ƙirga mata tara don ta bar ki ki huta. In haka ne, faɗa mana a gaban Lama, ki kawo igiyarki a turara."

Na ga Yangzom ta riƙe hannun kakarta. Kowa a wurin ya san gaskiya, kuma kowa ya shirya ya haɗiye ta, kalma ɗaya kawai ake jira. Ni da na shekara ina ihu a ofis-ofis da gida-gida cewa ta taka, ni ce na ratsa mutane na kama hannunta.

"Aji, ce haka ne," na ce. "Ce ba ki taka ba. Ni zan ce ni na yi ƙarya, a tsine mini, ban damu ba. Don girman Ama da ta haife mu, ce haka ne."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, abin da har yau nake jin haushinsa.

"Ke kika ce in taka, na taka. Yanzu kuma in ce ban taka ba?" Ta zare hannunta daga nawa. "Sun hana ni a birni, Diki. Ba zan zo gida in hana kaina ba."

Ta juya wajen Au Furi, ta ɗan rusuna. "Au, na gode. Na taka. Taku tara, da ƙafafun nan."

Tsohon ya rufe ido. Lama ya ci gaba da karatunsa, aka ƙara itace a wuta. Aji ta matsa kusa da mazan, ba ta taɓa kayan kowa ba, ta ce wa babbansu ya kula da tsagar da ke sama da zango na biyu, bana za ta buɗe ta gefen hagu, kada su bi hanyar bara. Ya gyaɗa kai bai ɗago ba. Suka saɓa igiyoyinsu suka kama hanya su bakwai.

Ni ma dole na bi su, don ni ce mai oba-oba. Da na kai kwanar da ake daina ganin gari na waiwaya, tana nan tsaye a filin da kayanta a baya, ba ta sauke ba.